Wa'azi a Kan Mai Riƙon Jama'a da Sanin Halin Kansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai iyayenmu, da ku almajirai, ku sani duk wanda aka ɗora wa riƙon mutane, ko sarki ne, ko mai unguwa, ko ma'ajin jam'iyya, ko gardin da aka bar wa yara su yi karatu, farkon talakan da aka ba shi kiwo zuciyarsa ce. Kadan wannan ta gagare shi, sauran ba za su riƙu ba, zama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku dubi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa. An yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ba a daɗe ba nasara ta fara zuwa, ganima ta samu, sai ya ga waɗansu daga cikin jama'a zukatansu sun karkata ga dawaki da riguna da neman sarauta. Bai tsaya ga zargin waɗansu ba, ya ji wa kansa tsoro. Wajen 1807 ya bar runduna, ya fuskanci gabas da niyyar aikin hajji. Wannan shi ne na fari: mutum ya san abin da zai iya ruɗinsa tun bai ruɗe shi ba.

Da ya iso Kano mutanenta suka tare shi, suka ce ya zauna ya koya musu yadda ake hukunci. Ya zauna, ya karanta musu tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya koma wurin Shehu. Wannan na biyu ke nan: mai tsoron fitinar mulki, in ya gudu, kujerar ba ta zama wofi, wanda ba ya jin tsoron ne zai hau. Magani shi ne a shata iyaka a rubuce, shugaba ya fara ɗaure kansa da ita kafin ya ɗaure wani.

Na uku ya fi su wuya. Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a a Sakkwato, alhali Abdullahi ne babba ga shekaru, ga ilimi. Aka yi 'yan shekaru tsakaninsu da sanyi, har ranar da Bello ya kawo masa gudunmawa a yaƙin Kalambaina. Da suka haɗu Bello ya yi nufin sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sarautar Sarkin Musulmi. Da ya bi zuciya, da daular ta rabu biyu tun tana ɗanya.

To, 'yan'uwa, mu ba dauloli ke hannunmu ba, makarantu ne da asusun jam'iyya da amanar 'ya'yan mutane, amma awon ɗaya ne. Malam ya tambayi kansa: yaron nan da na doka, don ya ɓata harafi ne, ko don ubansa bai aiko da kuɗin Laraba ba? Ma'aji ya tambayi kansa: da za a ce a kawo littafin kuɗi yanzu, gabana zai faɗi? Shugaba ya duba, waɗanda ke kusa da shi akwai mai iya ce masa ka yi kuskure, ko duk 'yan amshin shata ne? In babu, ya nemo shi, ya zaunar da shi kusa, kada ya hukunta shi ranar da ya faɗi mai ɗaci. Kowane dare kuma, kafin ya kwanta, ya yi wa kansa hisabi kamar yadda ɗan kasuwa ke ƙirga cinikin yini.

Ku almajirai, kada ku ce wannan zancen manya ne. Gobe ku ne masu buzu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ci amanar tawada da allo yau, shi zai ci ta gari in an ba shi.

Allah ya nuna mana aibin kanmu kafin mutane su gani, ya ba mu ikon gyarawa. Amin. Haza wassalamu.