Ciwon Bawul a Tsohon Babur: Yadda Ake Gane Shi Kafin a Kashe Kuɗi



Maganarmu ta yau a kan tsohon babur ce, irin wanda iyayenmu malaman makaranta da malaman gona suka saya tun zamanin kuɗin Udoji a 1975, wanda yanzu sai ka tarar an jingine shi a zaure a Lakwaya ko Getso ko Kabo, kaji na kwana a kansa. Da yawa daga cikinmu muna da niyyar tayar da irin wannan babur, domin sabo ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci. To, inda aka fi yin asara shi ne wajen gane ainihin ciwon. Sau da yawa akan biya kuɗin yankan silinda da sabon fistin, a ɗaure inji, sa'an nan a ga hayaƙi yana nan, ƙarfi bai dawo ba, alhali kuwa tun farko laifin yana can sama, wajen bawul.

Mu fara ware waɗanda zancen bai shafa ba. Tsohuwar Vespa da ƙananan Suzuki da Yamaha masu cin fetur gauraye da baƙin mai ba su da irin wannan bawul. Muna magana ne a kan irin su Honda, masu bawul biyu: ɗaya yana buɗewa iska da fetur su shiga, ɗaya kuma yana buɗewa hayaƙi ya fita. Kamshaf ne ke tura su ta hannun roka, sifirin kuma ya mayar da su. Kamshaf yana juyi ɗaya duk lokacin da inji ya yi biyu. Watau idan inji na juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfen da ya yi shekaru yana wannan aiki, ba abin mamaki ba ne don ya ci.

Akwai tarihi a nan da ya kamata mu sani. A 1974 kamfanin Honda ya aika injiniyoyinsa ƙasashen Asiya su ga abin da ke kashe baburansu. Suka tarar mutane ba sa canza baƙin mai sai ya zama kwaɓi, kamshaf da ke can saman inji kuwa shi ne ke fara lalacewa. Wannan ya sa a 1975 suka fito da CG125, suka sauko da kamshaf ƙasa kusa da mai, suka sa sanduna biyu na ƙarfe su riƙa kai turin sama zuwa roka. Halinmu da na mutanen can ɗaya ne, har ma mun ɗara su da ƙurar hunturu. Wanda ya cire matatar iska wai don babur ya ƙara gudu, ya bi hanyoyin ƙauyukanmu a watan Janairu, to yashi yake ɗura wa bawul ɗin shiga da hannunsa.

Kafin a taɓa sifana, a fara da ido da kunne. Shuɗin hayaƙin da ke fita da safe, ko bayan an saki totur a gangare, sa'an nan ya ragu, galibi mai ne ke zurarowa ta bututun da bawul ke zirga-zirga a ciki, ko ta robar da ke bakinsa. Hayaƙin da ke ƙaruwa yayin da aka ɗora kaya aka murɗa totur, wannan ya fi nuna zoben fistin. Akwai kuma gwaji mai arha: a auna matsin silinda, a cire fulogi a zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya, a sake aunawa. In matsin ya tashi sosai, zobe ne ya ci, domin mai ya toshe ratar na ɗan lokaci. In bai motsa ba, bawul ne ke yoyo. Da wannan cokali ɗaya ana iya tsira da kuɗin yankan silinda.

Sai batun tafet, wanda muke so mu ɗan daɗe a kansa. Tsakanin roka da kan bawul akwai 'yar rata da aka bari da gangan, saboda ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. A CG125 ratar milimita 0.08 ce, a ƙananan Honda irin su C70 kuwa 0.05, kuma ana aunawa ne inji yana sanyi. Mutanenmu ba sa son jin ƙas-ƙas, sai su ce wa bakanike ya ɗaure har inji ya yi tsit. A ganinmu wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi kowace ƙona bawul. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke yawancin zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In an hana shi zama, wuta za ta riƙa bi ta gefensa har ta ci bakin. Alamarsa ita ce babur ya tashi lafiya da safe, in ya yi zafi ya riƙa mutuwa, ya ƙi tashi sai ya huce. Haka nan idan ratar tana matsewa da kanta bayan kowane saiti, bawul ne ke nutsewa cikin mazauninsa. Idan kuwa kullum buɗewa take yi, to kamshaf ko roka ne ke cinyewa.

Bayan an sauke kan inji, kada a yi gaggawar cire bawul. A karkata shi, a zuba kananzir ta ƙofar shiga da ta fita, a jira 'yan mintoci. Inda aka ga danshi ya tsatso ta gefen bawul, nan ne yoyon yake. Daga nan a cire sifirin, a ɗaga bawul kaɗan daga mazauninsa, a girgiza shi hagu da dama. In yana rawa ƙwarai, bututunsa ya faɗaɗa, kuma sabon bawul a cikin faɗaɗɗen bututu ba zai zauna daidai ba. Tare ake canza su. A duba bakin bawul: wanda ya sirance ya yi kaifi kamar wuƙa ya gama aiki, komai gugar da za a yi masa.

Akwai wata yaudara da ke kama har ƙwararru. Kan ƙusar roka, ko kan bawul inda take duka, yakan yi ɗan rami. Ma'aunin rata shimfiɗaɗɗe ne, sai ya haye saman ramin ya nuna komai daidai, amma ƙara ba ta daina ba. A shafa farce a wurin. Abin da farce ya ji, inji ma yana jinsa. Haka za a yi wa doron kamshaf da fuskar da ke gugarsa, in an ga zane ko ɓantarewa a canza su biyun, domin tsohon zai cinye sabon. Sandunan CG kuwa a mirgina su a kan gilashi, lanƙwasasshe zai riƙa tsalle. Sifirin a tsayar da shi kusa da sabo, wanda ya gajarta ko ya karkace a jefar.

Game da sayen kaya, an yi sa'a kamfanonin Sin sun kwaikwayi injin CG da yawa, don haka kayansa ba sa wuya a Kano. Amma kama da wane ba ta wane ba ce: bawul biyu na iya yin kama a ido, su bambanta a tsawo ko kaurin ƙafa. A tafi kasuwa da tsohon a aljihu, a gwada su gefe da gefe a gaban mai shago. Wajen guga da man girandin kuma a yi hankali. Abin da ake nema shi ne wani siririn zobe mai launin toka, faɗinsa kimanin milimita ɗaya, ya zagaye bakin bawul ba tare da yankewa ba. Da zarar ya fito a tsaya, a wanke wurin da kananzir har sau biyu, domin ragowar man nan yashi ne. Bayan an ɗaure inji an yi 'yan kwanaki ana hawa, a zubar da man farko, a bar babur ya kwana, a sake auna tafet da sassafe, gama sabon bawul yakan ƙara zama a makon farko.