Mai Kuɗi Shi Ke Da Bakin Rediyo

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa 'yan kasuwa.

Kullum muna tambayar juna a rumfa: me ya sa in an murɗa rediyo sai muryar masu ra'ayin riƙau da 'yan koren manya? To, amsar tana kasuwa. Tun da gwamnatin Babangida ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe gidan rediyo a 1992, fili ya zama haja. Tashoshi irin su Amana da Progress a nan Gombe dole su biya lasisin NBC, da man janareto, da albashi. Kuɗin daga ina? Daga mai talla da mai sayen fili. Shi kuwa mai hali ba ya son a taɓa tsarin da ya azurta shi. A Amurka ma, da aka soke ƙa'idar jin ta bakin kowane ɓangare a 1987, 'yan riƙau ne suka mamaye fili.

Saboda haka, jama'a, mu haɗa taro da sisi, mu sayi rabin awa duk mako, mu yi maganar haraji da kuɗin rumfa da bakinmu. Allah ya sa mu dace. Wassalam.