Ba Kowane Ciwon Mara Ne Sanyi Ba



Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin duba mata a Haɗeja ya ji wannan magana: "Likita, sanyi ne ke damuna." Mace ta shekara biyu mararta na ciwo, ga farin ruwa, ga zafi in miji ya kusance ta. Ta sha jiƙo, ta sha kafso na kemis, an yi mata allura har ta gaji. A likitance, ciwon mara da ya haura wata 6 ya zama daɗaɗɗe, kuma dalilansa suna da yawa: cutar da ake ɗauka ta saduwa, ƙari a mahaifa, matsalar hanji ko mafitsara, ko endometiriyosis, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun kusan mace ɗaya cikin 10 masu shekarun haihuwa.

Amma yau a kan tsargiya zan tsaya, wadda ita ma take kawo wannan ciwo, domin ita ce tamu.

Tun da aka gina dam na Tiga a 1974, aka bi shi da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sauya. Ruwa ya riƙa kwanciya rani da damina, kacala ta cika magudanai, kuma irin wurin da dodon-koɗi mai ɗauke da tsutsar tsargiya yake so ke nan. Yarinyar da ke wanki a bakin ruwa a Auyo, ko take tsaye a fadamar shinkafa a Guri ko Kirikasamma, ba sai ta sha ruwan ba. Ta fata tsutsar ke shiga.

Mun saba ɗaukar tsargiya ciwon yara maza ne, masu fitsarin jini. A jikin mace kuwa, ƙwayayen tsutsar kan maƙale a bakin mahaifa da bututunta. In ka sa na'ura ka duba, za ka ga tabo kamar an barbaɗa yashi, ɗan taɓawa kaɗan sai jini. Daga nan ne ciwon mara, wani lokaci har da rashin haihuwa. An ƙiyasta mata miliyan 56 ne ke fama da wannan a Afirka kudu da Sahara. Abin da ya fi ci mini rai, alamominta sun yi kama da na cutar saduwa, sai a zargi baiwar Allah da abin da ba ta aikata ba.

Maganin tsargiya Praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Yana kashe tsutsar, amma tsohon tabo ba lalle ya goge ba, shi ya sa ba da shi ga 'yan mata tun suna ƙanana ya fi amfani, har da waɗanda ba sa zuwa makarantar boko.

'Yan'uwana ma'aikatan lafiya, kafin ku rubuta wata allurar, ku tambaye ta: "Baiwar Allah, a ina kike wanki? Kina shiga ruwa?" In kuwa gwaji ya nuna cutar saduwa ce, to a kira maigidan, shi ma a ba shi nasa maganin rana ɗaya da ita.