Sharar Kasuwa: Jawabi Ga Taron Shekara



An nemi in yi magana a kan sharar kasuwa, kasancewar da yawanmu a nan 'yan kasuwa ne. A da, juji dukiya ne. Manoman karkarar Kano kan shigo birni da itace bisa jakuna, su koma da mangala cike da shara, domin toka ce da ɓawo da kashin dabbobi. Mu ma a Gobir ba mu raina jujin kara ba.

Leda ce ta ɓata lamarin. Ku tambayi mahautan Sabon Birni ko na Isa abin da suke cirowa daga tumbin saniya. Dabba ta haɗiyi leda ta yi ta ramewa, mai ita yana zargin sammore, yana zuba kuɗin magani a banza. Manomi kuma ya kwashi jujin zuwa gona, ledar ta hana shuka yin saiwa.

Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun kafa doka a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san ledar tana nan.

Saboda haka kada mu jira doka. Kowace rumfa ta ajiye buhu biyu, na abin da ke ruɓewa daban, na leda daban. Ƙarfe da gwangwani kuwa, 'yan jari bola suna saye da kilo. Ina roƙon ƙungiya ta zauna da sarkin kasuwa da sarkin fawa kafin damina, mu kuma mu sayi buhunan farko.