Jawabin Ƙaddamar da Asusun Tallafa wa Masu Komawa Karatun Haɗa Magunguna, a Bauchi

 



Maƙasudin taruwarmu a yau shi ne mu kafa asusun da zai agaza wa waɗanda suka riga suka kama wata sana'a, ko malamin makaranta, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai kemis a Wunti ko Muda Lawal, amma himmarsu ta ɗaukaka zuwa ga ilmin haɗa magunguna. Wannan fanni kuwa ba baƙo ba ne gare mu, domin tun zamanin daular Abbasiyya akwai shagunan magani a Bagadaza waɗanda muhtasibi, wato mai sa ido a kan kasuwa, yake bi yana bincikawa. Ibn al-Baiɗar kuma, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tattara bayanin magunguna wajen 1,400 a littafi guda. A nan gida ma, Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin nan, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Kwalejin Yaba, daga baya ya koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya.

To, amma wajibi ne in yi wa masu wannan niyya nasiha ta gaskiya, cewa duk yawan shekarun da mutum ya yi yana miƙa ƙwaya a kanti, da duk sanin da ya yi wa sunayen kwalabe, ba za su ɗauke masa ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan wannan karatu ba. Sai ya zo da kiredit 5: Turanci, lissafi, kemistiri, fizis da bayoloji. Sai ya ci jarrabawar JAMB, ko kuwa, idan yana da digiri a wani fannin kimiyya makusanci, ya nemi shiga aji na biyu kai tsaye. Sai ya zauna shekara 5 a jami'a, ko 6 ga mai neman digirin dokta a fannin. Sa'an nan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki ƙarƙashin ƙwararre, a wuri irin Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kafin Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ta ba shi cikakken lasisi. Magidancin da ke da iyali, lalle ne ya zauna da maiɗakinsa su lissafa waɗannan shekaru, da abin da za a ci a cikinsu, tun kafin ya ajiye aikinsa.

Hikimar wannan tsanani a bayyane take ga wanda ya taɓa ganin uwa tsaye a tagar ba da magani, da yaro a goye jikinsa zafi rau, da takardar likita a hannunta. Domin wanda ya karɓi takardar nan shi ne zai tambayi nauyin yaron, ya auna ko cokali guda ne ko rabi, ya lura ko maganin yana karo da wani da ake sha, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma idan ya ga kuskure ya koma wurin likita. A 2008 wani gurɓataccen maganin haƙoran jarirai ya hallaka yara fiye da 80 a ƙasar nan, a 2018 kuma tilas ta sa gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasanmu. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, balle a al'amarin da rai ya rataya a kansa.

Saboda haka nake ganin wannan ilmi farilla ce ta kifaya, wadda idan babu mai ɗauke ta a cikinmu, alhakin yana wuyanmu duka. Ya ku attajiranmu, ku buɗe hannu, domin ɗaukar nauyin ɗalibi guda sadaka ce mai gudana. Ku kuma ɗalibai, ku tsarkake niyya, ku shiga ta ƙofa, in kun gama ku dawo ku yi wa ƙauyukanmu aiki.

Allah Ya sa albarka a wannan asusu, Ya mai da kowa gida lafiya.