Kisan Kiyashi da Kisan Ƙare Dangi: Mene Ne Bambancinsu?

Yau za mu duba sunayen da ake ba kisan jama'a masu yawa, da dalilin da ya sa bai kamata a riƙa gauraya su ba.

A Hausa mukan ce kisan gilla idan an kashe mutum da tsananin zalunci. Mukan ce kisan kiyashi idan an hallaka mutane rututu. Amma kisan ƙare dangi ya wuce waɗannan, gama ana yinsa ne da nufin shafe wata al'umma daga doron ƙasa.

Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Poland, Raphael Lemkin, shi ne ya raɗa wa wannan laifi suna a 1944. Ya yi ta fafutuka har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi ran 9 ga Disamba, 1948. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar a 2009. A ƙa'idarta, ba yawan gawawwaki ake dubawa ba, niyya ake dubawa, watau nufin hallaka jama'a, duka ko wani sashe, saboda ƙasarsu, ko ƙabilarsu, ko launin fatarsu, ko addininsu.

To, bari mu gwada. Tsakanin 1904 da 1908 sojojin Jamus sun hallaka Herero da Nama a ƙasar da ake kira Namibiya yanzu, a 2021 kuwa Jamus ta amince a hukumance da kiran abin da sunansa. Armeniyawa sun sha irin wannan masifa daga 1915 a Daular Usmaniyya, kuma gwamnatin Turkiyya ba ta yarda da wannan suna ba. Gwamnatin Hitler ta kashe Yahudawa wajen miliyan 6, abin da su suke kira Shoah, watau bala'i. A Srebrenica ta ƙasar Bosniya an kashe Musulmi maza wajen 8,000 a 1995, kotun duniya kuwa ta ce kisan ƙare dangi ne. A Kambodiya, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka mutu tsakanin 1975 da 1979, amma da yake yarjejeniyar ba ta ambaci kisan siyasa ba, kotu ta tabbatar da wannan laifi ne kan kisan 'yan Cham da 'yan Biyetnam kaɗai.

Kada wani ya ce gardamar suna ce kawai. A 1994 an kashe mutane wajen 800,000 a Ruwanda cikin kwana 100, akasarinsu 'yan Tutsi, alhali kuwa manyan ƙasashe suna ta kauce wa furta kalmar, don kada nauyin kai ɗauki ya hau kansu. Tun kafin a zare adda, an riga an saba da kiran 'yan Tutsi kyankyasai a jarida da gidan rediyo. Lalle baki shi ke yanka wuya.

Saboda haka, jama'a, abu biyu ya wajaba a kanmu. Kada mu liƙa wannan suna mai nauyi a kan kowace rigima, don kada ya rasa ƙarfinsa. Kuma kada mu yi shiru idan muka ji ana kiran wata ƙabila da sunan ƙwari ko dabbobi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.