JAWABI GA TALAKAWAN DUTSI: ADDINI BA YA GOYON BAYAN AZZALUMI

Ya ku 'yan'uwana talakawa, manoma da 'yan kasuwa, maza da mata, ku ba ni kunnuwanku kaɗan.

A ƙasar Amurka akwai baƙaƙen mutane, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. An hana bauta a can a 1865, amma wulaƙanci bai ƙare ba. Wadansu shugabannin coci na fararen fata suka riƙa ce musu su yi haƙuri, ladansu yana lahira. Bayan an kashe Martin Luther King a 1968, sai wani malamin Kirista baƙar fata, James Cone, ya fitar da littafi a 1969, da wani a 1970. Abin da ya koyar shi ne, Allah da ya fid da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna yana tare da wanda aka danne, kuma wa'azin da ya rufe ido ga zalunci ya zama sandar azzalumi. Cone ya rasu a 2018. A 2020 ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9 har ya mutu. Ashe maganar ba ta tsufa ba.

Jama'a, aƙidarsu daban, tamu daban. Amma labarin Annabi Musa da Fir'auna namu ne, yaranmu suna karanta shi a allo. Kuma ba daga Amurka muka fara jin wannan magana ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa laifofin sarakunan zamaninsa: jangali, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki, da ɗibar kayan mutane a kasuwa ba da haƙƙi ba. Bai kira waɗannan al'ada ba, zalunci ya kira su. Malam Aminu Kano ya bi wannan sawu da NEPU, wadda aka kafa ran 8 ga Agusta 1950. An ɗaure mabiyansa, an yi musu bulala, an ce marasa kunya ne. Amma a 1979, sa'ad da Dutsi take cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa na PRP ya soke haraji da jangali. Dattawan da ke zaune a nan shaidu ne.

To, yau fa? A can launin fata ake dubawa, a nan kuwa ana tambaya, ɗan wane ne? A 2022 hukumar ƙididdiga ta gwamnati da bakinta ta ce mutum miliyan 133 suna cikin talauci a Nijeriya. An rufe iyakar Nijar a 2019, aka sake rufe ta a 2023, shekarar da aka janye tallafin mai. Wa ya ji a jikinsa? Mai kora awaki zuwa kasuwar Mai'aduwa, da mai tallan ƙosai, da manomin da taki ya fi ƙarfinsa.

In an ce muku talauci ƙaddara ne, ku ce lalle mun yi imani da ƙaddara, amma kuɗin asibitin da aka sace, hannun mutum ne ya ɗauka. Haƙuri da jarrabawar Allah ibada ne. Yin shiru ga ɓarawo ba ibada ba ne.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Duk wanda ya karɓi kuɗi a rumfarku, ku nemi rasit. Malamin da ya faɗi gaskiya a gaban mai mulki, kada ku bar shi shi kaɗai. Sa'an nan ku ma 'yan kasuwa, ku cika mudu, kada ku ɓoye hatsi, gama wanda ya tauye ɗan'uwansa ba shi da bakin kiran wani Fir'auna.

Allah ya ba mai gaskiya sa'a. Wassalamu.